Farin Akwatin Babana

Ƙauyen Kamisawa, Akita
9 ga watan biyu, 1953

Zuwa ga Kaka Gengo,

Ina gaishe ka da ladabi, gaisuwa mai yawa. Da fatan sanyin Tokyo bai kama maka ƙirji ba. Mu nan ƙanƙara ta kai rabin taga, amma lafiyarmu lau, sai tarin Inna da ba ya barin ta duk shekara a irin wannan lokaci.

Wataƙila ba ka gane mai rubutun ba. Ni ce Kinue, 'yar Tokuji, jikar yayanka. Shekaruna goma sha huɗu. Aji shida na gama na tsaya, kuma ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, idan ka ga kuskure ka yi haƙuri. Inna ce ta sa ni. Na ce mata ina jin kunya, ta ce ai ba ganina za ka yi ba.

Shekaranjiya wani mutum mai suna Ogata ya zo gidanmu da takalmin birni, sau biyu ya zame kafin ya iso ƙofa. Ya ce shi ke tafiyar maka da takara, wai za ka nemi kujerar majalisa a zaɓen watan huɗu, tunda an sake ka daga kurkuku kuma an ɗage hanin da aka yi wa tsofaffin hafsoshi. Ya ce za a yi taro a makarantar gari ranar biyar ga watan huɗu, iyalan sojojin rundunarka za su zo da hotunan mamatansu. Mu kuma yana so mu zo da farin akwatin ƙasusuwan Baba. Kowa ya binne nasa tuntuni, Inna ce kaɗai ta ƙi, namu yana nan a kan kantar magabata.

Ya ce wa Inna, yana magana a kanka, "Mutane su gani da idonsu, Janar Tsugawa bai bar yaransa a dajin Burma ba, ya maido su gida. Ballantana ku da kuke jininsa."

Maƙwabciyarmu Tsune tana zaune bakin murhu tana murza igiya. 'Ya'yanta biyu ne suka tafi tare da Baba ba su dawo ba. Ta ce, "Kai ɗan birni, yanzu har matattu ma sai sun taya ku yawon neman ƙuri'a? Su ma da la'asar za ku maido su gida?"

Ogata ya yi dariya shi kaɗai. Inna ta ce, "Idan don Baffa ne, za mu zo." Ta ce ni zan rataya akwatin a wuya da farin ƙyalle, yadda ita ta rataya shi ranar da aka kawo.

Kaka, ina da tambaya ɗaya, wannan tawa ce ba ta Inna ba. Ka ga Baba a can? Ina 'yar shekara huɗu ya tafi. Takalminsa na tuna, fuskar ban tuna ba.

Ka riƙa rufe wuyanka idan za ka fita.

Jikarka,
Kinue


Tokyo
20 ga watan biyu

Kinue,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai gwiwa da ke yi mini gardama kowace safiya. Ki gaida mahaifiyarki Shigeno, ki ce ta riƙa shan ruwan citta da zuma don tarin.

Wai ban gane ki ba! Ba ke ce kika shige bayan buhun shinkafa ranar da na zo yi wa yayana sallama ba? Hafsoshi dubu sun tsaya a gabana ba su motsa ba, ke ko leƙe kika ƙi yi mini. Ƙafafunki kawai na gani, ɗaya da safa ɗaya babu. Yau ga ki da alƙalami kina yi wa janar tambaya.

Kada sunan janar ɗin nan ya tsorata ki. A ɗakin da kike kwana aka haife ni. Gona ta yayana ce, ni ƙane ba ni da rabo, shi ya sa na shiga makarantar soja, don a can ana cin shinkafa sau uku. Na yi sanyin Manchuria ina ƙaramin hafsa. Daga nan aka ba ni tebur a ma'aikatar soja, na shekara uku ina shiga majalisa da takobi ina daka wa 'yan majalisa tsawa. Yau ga ni da hula a hannu ina roƙon a bar ni in zauna cikinsu. Sai Burma. Sai kurkuku shekara shida, inda na koyi ɗinke safa, kuma na iya sosai, ki faɗa wa Tsune idan tana da masu huji.

Na ga babanki sau ɗaya. A bakin wani kogi ne, ana haye da dawakai. Ya gane ni, na gane shi. Ya ƙame ya sara mini kamar bai taɓa hawa wuyana yana yaro ba. Na ce, "Saja, kana samun wasiƙa daga gida?" Ya ce, "Ina samu, ranka ya daɗe. 'Yata ta fara ƙirga kaji." Ba mu ƙara ko kalma ba, idon mutane na kanmu. Idan kina son ganin fuskarsa, ki leƙa rijiya ki ɗaure fuska. Duk 'yan gidanmu goshi ɗaya gare mu.

Maganar taro kuwa, Ogata ya fi ni sanin yadda ake waɗannan abubuwa. Ni dai zan ji daɗin ganinku.

Kakanki,
Gengo


Kamisawa
2 ga watan uku

Kaka,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa. Muna lafiya. Ƙanƙara ta fara ɗiga daga rufi, tarin Inna ya yi sauƙi. Na leƙa rijiyar. Tsune ta kama ni, ta ce ko miji nake nema a ciki.

Wannan wasiƙar Inna ba ta san da ita ba. Ka yi haƙuri da rubutun.

Inna ta ce ƙyallen akwatin ya yi ja saboda hayaƙin turare, kada mu kunyata ka a gaban jama'a. Ta ba ni sabon farin yadi in ɗinka in sauya. Jiya da hantsi ta tafi kai igiya, na wanke hannu na sauko da akwatin. Ban yi niyyar buɗewa ba, Kaka, ka yarda da ni. Katakon ne ya bushe, ina kwance tsohon ƙyallen murfin ya zame.

Babu ƙashi a ciki. Babu toka. Dutse ne guda ɗaya, bai kai ƙwan kaza ba, da wani ɗan katako mai sunan Baba. Dutsen fari ne mai ɗigon baƙi, irin wanda ke cike da koginmu, irin wanda muke danne murfin tulun gishiri da shi.

Na mayar na ɗaure. Inna ta dawo ta ce ɗinkin ya yi kyau.

Shekara takwas ke nan kullum da safe ita ke zuba shinkafar farko a ɗan kwano ta ajiye gaban akwatin. Tana yi masa magana. Yau na ji ta ce, "Tokuji, an sauya maka riga, za ka je ganin Baffa." Na fita waje na tsaya bayan rumbu har ta gama.

Na yi ta tunani. Na ce ko wani ne ya sace a hanya, ko an yi musanya da na wani gida. Kai ne babbansu duka, kai za ka sani. Ina Baba yake? In faɗa wa Inna ko in yi shiru? Idan na faɗa, ban san me zai rage mata ba. Idan na yi shiru, zan rataya dutse a wuya in zauna a layin gaba, Ogata yana nuna ni yana cewa ga wanda aka maido gida. Ni ko a aji malami ya kira sunana sai muryata ta ɓace. Ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Ka amsa mini da wuri. Ka rubuta sunana a bayan ambulan, ni ke karɓar wasiƙa a hannun mai keke.

Kinue


Kamisawa
21 ga watan uku

Kaka,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Da fatan kai ma haka.

Kwana goma sha tara ke nan. Kullum ina tsayawa a bakin hanya, har mai keke ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Na san na yi laifi. Ba a buɗe irin wannan akwati, kuma yarinya ba ta yi wa babba irin wannan tambaya. Idan fushi ka yi, ka yafe mini. Ban faɗa wa kowa ba. Zan rataya akwatin in zauna inda aka ce, ba zan ɓata maka taro ba. Ka dai rubuto, ko layi ɗaya ne, ko faɗa ne.

Ogata ya liƙa hotonka a bangon shagon gishiri. Ka rame.

Kinue


Tokyo
26 ga watan uku

Kinue, 'yar gidanmu,

Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi na yi ba. Sau bakwai na fara amsa miki ina yagawa. Na taɓa tsayawa gaban alƙalai biyar ban rasa abin faɗa ba. Ke kika sa na rasa.

Ba a sace ba, ba a yi musanya ba. Babanki yana Burma.

Ni na sa hannu a umarnin shiga duwatsun nan da abincin kwana ashirin. Na san bai isa ba. Na faɗa sau ɗaya a gaban manyana, aka dube ni, ban sake faɗa ba. Damina ta same mu, abinci ya ƙare, muka juyo. A farkon hanya, idan mutum ya mutu ana ƙona shi a ɗebi ƙashi. Da itace ya jiƙe, sai a yanke ɗan yatsa a ƙona. Daga baya masu yankan ma ba su da ƙarfin ɗaga wuƙa. Tokuji ya mutu a wannan lokaci na ƙarshe, zazzaɓi da yunwa. Wanda ke tare da shi ya ba ni labari a kurkuku, ya ce ya jingina shi da bishiya ya rufe masa fuska da hula. Akwatunan kuwa a barikin nan na gida aka cika su, da abin da hannu ya samu.

Na san haka ranar da Ogata ya kawo shawararsa, na yi shiru. Na gaya wa kaina cewa idan na shiga majalisa zan matsa a tura jirgi a kwaso ƙasusuwan mamatan, don haka ƙaramar ƙarya ba komai. Da gaske ina son a tura jirgin. Amma kujerar ma ina so, Kinue. Tsoho ne ni da ya saba a miƙe idan ya shigo.

Kada ki faɗa wa mahaifiyarki. Ba don a ɓoye ba, don ba kayanki ba ne. Zan zo ranar huɗu ga wata, jajibirin taro, in faɗa mata da bakina. Ba za ki rataya komai ba. Ogata ya ce idan na buɗe wannan magana na zubar da ƙuri'un gidajen mamata duka, kuma su ne ƙuri'una. Wataƙila gaskiyarsa ne, ya fi ni iya ƙirga.

Ki tanadar mini wuri kusa da murhu, kuma wannan karon ki fito daga bayan buhu.

Kakanki,
Gengo


Kamisawa
27 ga watan huɗu

Kaka,

Ina gaishe ka sosai. Da fatan ka huta gajiya, kuma goshin ya warke. Muna lafiya, mun fara jiƙa irin shinkafa.

Mun ji sakamako a rediyon shagon gishiri. Na ƙirga, kai ne na biyu daga ƙasa. Mai shago ya ce ko ba komai ka fi mutum ɗaya. Ban yi dariya ba, amma na san kai za ka yi.

Na jira a gama zaɓe kafin in rubuto, kada in ƙara maka nauyi. Akwai abin da ba ka gani ba, kuma na san ka tafi da zaton Inna ta tsane ka.

Ranar da ka zo, da ka durƙusa a ƙasan zaure ka sa goshi a ƙasa ka faɗi komai, ka ga ba ta ce uffan ba sai "Baffa, shayinka zai huce." Ni ma na zaci ƙiyayya ce. Bayan motarka ta tafi ta zauna bakin murhu. Sai ta ce, "Ke kika buɗe ko?"

Na ce murfin ne ya zame. Na fara kuka.

Ta ce, "Share hancinki. Tun a tashar jirgi na sani. Da suka rataya mini shi na taka mataki ɗaya, na ji abu ya gangara ya bugi katako. Na yi wa ubanki wanka, na san nauyin hannunsa. Mutum ba ya gangarawa haka."

Na ce to me ya sa take ba shi shinkafa, me ya sa take masa magana.

Ta ce, "To wa zan yi wa? Shi suka ba ni. Amma binnewa kam ban binne dutse kusa da kakanninku ba. Na ce zan ajiye har ranar da wani mai hula zai zo ya dube ni ya faɗa." Ta goge ido da hannun riga ta ce, "Ban zaci sai na jira shekara takwas ba, kuma ban zaci namu ne zai zo ba. Goshinsa duk ƙasa. Da na buɗe baki da na yi ihu, shi ya sa na ce ya sha shayi."

Ranar taro kuma, kai kana can gaba, mu muna baya cikin mata ba tare da akwati ba. Da ka ajiye takardar da Ogata ya rubuta maka ka fara faɗin gaskiyar abin da ke cikin akwatunan, wuri ya rikice. Ka ji masu ihu, kuma takalmin katakon da ya same ka a goshi kowa ya gani. Na tsohon mai gyaran keke ne, ɗansa ɗaya ne tak, kuma bai dawo ba. Amma ba ka ji matan ba.

Wata ta ce a hankali, "Nawa yashi ne." Wata ta ce, "Ni takarda kawai." Ba su kalli juna ba, kowa gabanta take kallo. Ashe duk sun girgiza nasu, kowace tana zaton ita kaɗai aka yi wa, tana rufa wa sauran asiri.

Tsune ta ce da ƙarfi, "Ni duwatsu biyu aka ba ni, na ƙaramin ya fi na babban girma. Ko wannan ba su iya daidaitawa ba, shashashai!" Mata suka fashe da dariya, daga nan dariyar ta koma kuka. Ta ce ba ta zaɓe ka ba kuma ba za ta taɓa zaɓenka ba, in rubuta maka haka. Na rubuta.

Inna ta ce in tambaye ka abu ɗaya. Tana son sanin wurin. Sunan kogin, da gefen da bishiyar take, da ko akwai gari kusa. Ta ce ko ba za a taɓa zuwa ba, tana so ta san inda za ta riƙa tunani.

Jikarka,
Kinue


Tokyo
6 ga watan biyar

Kinue,

Lafiya lau, goshi ya warke, mai takalmin ya iya saiti, da ya yi soja mai kyau. Ogata ya koma wurin wanda ya ci, ban riƙe shi ba.

Na karanta maganar mahaifiyarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Ki ce mata na gode da shayin.

Ga taswira a ciki. Na je har Sendai na nemo mutumin da ya jingina shi, muka zana tare. Jan ɗigon shi ne wurin. Tafiyar rabin yini ce daga mahayar kogin, a hannun dama idan an fuskanci gabas, wato yana kan hanyar gida. Akwai ƙauye mai gidaje kamar goma da ƙaramin haikali mai farin kai. Mutumin ya ce bishiyar babba ce, ruwa bai cika sauka ƙarƙashinta ba.

Ki ce wa Tsune ta yi daidai.

Kakanki,
Gengo


Kamisawa
15 ga watan biyar

Kaka,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, sai ciwon baya, dashen shinkafa ya kama. A tsaye nake rubutun nan a bakin gona, ka yafe taɓon da ke jikin takardar.

Taswira ta iso. Inna ba ta iya karatu sosai ba, ni na karanta mata sunayen, ta sa na maimaita har ta haddace. Ta ɗora yatsa a kan jan ɗigon ta ce, "Ashe ma akwai mutane kusa." Ranar ta ci abinci kwano biyu.

Ban san yadda labari ya fita ba. Wataƙila ni ce na faɗa wa Tsune. Tun shekaranjiya mata ke zuwa gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta, wannan aron rariya, waccan aron allura. Sai sun kai ƙofa za su juyo su ce, "Kinue, idan za ki rubuta wa tsohon nan..." Har mai gyaran keke ya zo. Bai shigo ba, ya miƙo mini 'yar takarda ta taga ya tafi.

Na ce musu ba lalle ka san inda na kowa yake kwance ba. Suka ce sun sani, ka dai gwada.

Na rubuta sunayen mamatansu a bayan wannan takarda, da ƙungiyar da kowa yake ciki, da watan da wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo. Su goma sha bakwai ne. Na farko da na biyu na Tsune ne. Ta ce ka fara da ƙaramin, shi ne mai tsoron ruwa.

Jikarka,
Kinue